Hodar da Ta Ƙi Narkewa

Zuwa ga Maman Ummi,

Assalamu alaiki, Hadiza. Na san takardar nan ba za ta taɓa isa hannunki ba, amma wa zan kai wa ƙarar hodarki idan ba ke ba?

Gida lafiya. Har yanzu ina fama da cunkoson Kawo kafin in isa ofis. Matan layinmu na Badarawa suna ta cigiyar man fuskarki, sai dai mu yi miki addu'a tare.

Ummi ce damuwata. Kwalbar ƙarshe da kika haɗa mata saboda tabon ƙuraje ta kusa ƙarewa, ruwan ma har ya yi ja. Ta daina shafawa. Buɗewa kawai take yi ta shaƙi ƙamshin ruwan wardi, ta rufe da sauri. Ranar da ƙamshin ya gudu, me zan ce mata?

Shi ya sa ranar Asabar na shiga kicin don in haɗa mata wata, ni da nake miki tsiyar kin mai da shi ɗakin gwaje-gwaje. Na zuba hodar bitamin C cikin man zogale, na kaɗa har hannuna ya sage. Ta kwanta a ƙasa kamar yashi. Ashe ruwa take so, ba mai ba. Me ya hana ki faɗa min? Ko kin faɗa, ina can kunnena a rediyo?

Ɗaya hodar kuwa, mai sa ruwa yauƙi, ina zuba ta a ruwan wardi ta dunƙule gudaji-gudaji. Ummi ta tarar da ni ina faɗa da cokali. Ta yi dariya, Hadiza, ta farko tun rasuwarki. Ta karɓi kofin, ta fara kwaɓa sabuwar hoda da ɗan man gilisarin, yadda kike kwaɓa kamu kafin ki sheƙa ruwan zafi. Sannan ta ƙara ruwan wardi, ta sa a firji, wai sai La'asar. Har yadda take kifa murfi naki ne.

Ban taɓa gaya miki ba, daɗi nake ji in tsaya a bakin ƙofa ina kallonki kina wannan aiki. Tsiyar nan duk neman dalilin tsayawa ne.

Bayan La'asar hodar ta narke tas. Ummi ta shafa, ta ɗiga min a tafin hannu, na shafa har gemu. Na tsorata kada abin da ya rage naki ya ƙare a kwalba, ashe kin bar min shi a hannun 'yarki.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sada mu a Aljanna.

Naki har kullum,
Baban Ummi