Bindigar Baba Mai Nauyin Mudu Uku

Zuwa ga Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya aikin kuza? Ina Yaya Hajara da yara? Mu nan Doguwa duk lafiya lau, alhamdu lillahi.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Tun da kafaɗar Baba ta fara ciwo, bindigarsa take rawa a hannunsa. Sau uku yana kuskuren gyadon da ke tone mana rogo. Ya ari ta Kawu Idi mara nauyi, ita kuma da ya harba sai ta doke shi a kafaɗa. Har ya ce idan sabuwar da ya ba maƙeri aikinta ba ta yi ba, ya bar farauta.

Ran nan da ya tafi masallaci, na riƙe kowace bindiga a hannu ɗaya, ƙwaryar dawa a ɗayan. Tasa ta kai nauyin mudu huɗu, ta Kawu biyu. Kunyar maƙerin nake ji, sai na raɗa wa matarsa a yi sabuwar mai nauyin mudu uku. Ta ce, "Ke Ladi, yau kuma bindiga ake aunawa da mudu?" Amma ta faɗa masa.

Jiya da hantsi, da sabuwar bindigar, harbi ɗaya Baba ya kayar da gyadon! Ya shigo yana cewa, "Wannan maƙeri kamar ya auna kafaɗata!"

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Ni dai na bar wa maƙerin yabonsa, kai ma kada ka faɗa.

Ƙanwarka,
Ladi