Auren Agusta a Dutsen Torridon

Bergen, 9 ga Maris

'Yata Mairead,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mahaifiyarki, ya ƙafar Gwaggo Ishbel? Ni lafiya lau. Yatsuna sun saba da ƙanƙarar kamfanin kifi. Alli ne dai ba za su ƙara riƙewa ba, kuma ba makarantar da ke nemana.

Kin ce a kan dutsen Torridon za a ɗaura muku aure ba taro, kuma angon naki Struan ya zaɓi watan Agusta, wai can kakarsa ta raine shi. Ban yarda ba. Duk wanda ya tashi a Torridon ya san ƙananan ƙudajen Agusta masu cizo. Ko fasto ba zai iya buɗe baki ba. To, ina ya girma? Me kuma ya ɓoye miki? Tambaye shi sunan kakar, ki dubi idonsa.

In kin nace, ki zaɓi Mayu, kafin ƙudajen su fito.

Doka shaidu biyu take so, ke kuwa mai hoto kaɗai kika ambata. Ba roƙo nake ba, amma hutuna a Mayu yake.

Allah ya tsare ki.

Babanki,
Torquil