Yatsuna Biyu da Muƙamuƙin Ɗanka

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan muna numfashi. Ƙafa ta matsa wa Gwaggo, amma bakinta yana nan daram. Ka yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da tafiyar kaza, da hannun hagu nake yi. Ina so ka ji dalili daga bakina kafin wani ya kai maka.

Ka san tsohuwar motar dajin mahaifinmu da ke gareji. Tsatsa ta cinye bodinta har kana hango ƙasa ta tsakanin ƙafafunka. Na samo wani bodin, muka kwance tsohon, ƙashin motar ya rage tsirara a kan tayoyi. Ranar Talata da hantsi muka rataye sabon da sarƙa a jikin ƙarfen rufi. Ɗanka Dogo ne ke riƙe da sarƙar, mai walda yana ɗaya gefen, ni ina durƙushe ina duba ramukan da za a zura bol, ƙusoshin da ke ɗaure bodi da ƙashi. Ramuka takwas ne, shida suka hau, biyun baya suka ƙi. Ƙashin ya karkace tun lokacin da motar ta faɗa kwazazzabo, kuma na sani. Kamata ya yi in ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa in auna tun kafin a ɗaga komai. Ban yi ba. Ni da na shekara huɗu ina zanen injina a makaranta, ni da malamai suka ce zan gina masana'anta, na ƙare ina kwana da baƙin mai a farce, ina ganin na fi ƙarfin zare.

Shekara talatin ina zagin duk wanda ya sa yatsa tsakanin bodi da ƙashi. Da sandar ƙarfe ake daidaita rami. Sandar tana kan tebur, taku uku daga inda nake, na ji ƙyuyar tashi. Na cusa hannu ina tura robar da ke shiga tsakani, na ce wa Dogo, “Sauke kaɗan.” Ya sauke kamar yadda na ce. Bodin ya zame daga katakon da ya tokare shi, ya zauna gaba ɗaya. Na ji ƙarar ƙashina kafin in ji zafi. Da suka ja sarƙar, yatsuna biyu suna manne da ƙarfe, jini yana bin ƙashin motar yana ɗiga.

Dogo ya rugo yana kirana Baba, yana cire rigarsa zai ɗaure mini. Ban san lokacin da na ɗauki babbar sifana da hagu ba. Na maka masa a fuska. Ya faɗi, haƙoransa uku suka zube cikin baƙin mai, na bi shi da shuri a haƙarƙari ina zaginsa, ina zagin uban da ya haife shi, wato kai. Sai da mai walda ya shaƙo wuyana ya buga ni da ƙofa sannan na bari.

Mota ɗaya ta kai mu asibiti. Muƙamuƙinsa ya karye, an ɗaure da waya, sai ruwa-ruwa yake zuƙa. Da likita ya tambayi abin da ya faru, Dogo ya karɓi takarda ya rubuta cewa ƙarfe ne ya faɗo masa. Ya kuma rubuta mini kada in gaya maka. Da ya kai ni ƙara da na fi samun sauƙi. Matarsa ba ta amsa gaisuwata, kuma ba ta yi laifi ba.

Ka ba ni shi amana ranar da ka tafi, ga abin da na yi da ita. Ba kuskurensa ko ɗaya a ciki. Ban rubuto neman gafara ba, don ban ga da wane baki zan nema ba. Ka zo ka ga ɗanka, ko ka aiko a kai maka shi idan ya warke. Idan ka daina kirana Yaya, ba ka zalunce ni ba.

Ka gaida uwar Dogo, kai za ka san yadda za ka faɗa mata. Ka gaida autarku da mijinta. Gwaggo tana gaishe ku, ita har yanzu labarin faɗowar ƙarfen kawai ta sani.

Ni ne yayanka, har sai ka ce a'a.