Ƙoƙonka na Gidan Bawa

Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Ba zan tambaye ka ya gida ya aiki ba, don na san inda kake ba a amsa wasiƙa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ai saƙona sai ya wuni ya kwana ba ka buɗe ba, kana can bakin kasuwa ka duƙa kan tayar keken wani. To yau dai dole ka saurare ni, tunda ba ka da bakin ce min, Rediyo, a rage murya.

Fushi nake da kai, wallahi. Har na kasa yi maka kukan kirki saboda fushi.

Ka san abin da ake faɗa a kanka a Malumfashi? Wai a buge ka mutu. Kai, Yaya! Kai da ko lemon kwalba sai ka ce yana sa ka kumburin ciki. Wai duk wannan yawon keken da kake yi ranar Lahadi, kana bin burtali da hanyar gona har bayan Kafur, ba komai ba ne, giya kake zuwa sha wajen Maguzawa. Wai shi ya sa ba ka bin kwalta, don kar a gan ka. Da aka kawo ka asibiti rigarka da gemunka duk warin burkutu suke, kowa ya ji, kuma kafin a yi maka wanka labarin ya riga ya shiga guruf ɗin unguwa. Ina cikin guruf ɗin, Yaya. Da idona na karanta. Wani har da sa hoton kekenka, ya rubuta wai Allah ya sa mu cika da imani. Mutumin da ka sha yi wa faci kyauta!

An yi maka salla, amma sahun bai kai yadda ya kamata ba. Wasu sun tsaya daga nesa suna danna waya. Baffa Isuhu ya ce a rufe maganar, a yi ta roƙa maka gafara kawai. Inna kuwa tun ranar ba ta ƙara kiran sunanka ba. In za ta yi maganarka sai ta ce yaron nan. Ta rame, ba ta shiga mutane, ko suna aka yi a maƙwabta sai dai ta aike ni. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Wannan shirun nata ya fi komai ci min rai.

Ni kuma me zan ce musu? Da me zan kare ka? Ka taɓa gaya min inda kake tsayawa? Sai dai ka dawo ƙafafunka ja wur da ƙasa, ka nuna min hoton ɗorawa, hoton gonar auduga, hoton wani kurmi da ka ce in ka shiga babu abin da kake ji sai tsuntsaye da ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya. Na ce ka riƙa yin bidiyo mu ɗora, mutane su ga ƙasarmu, ka ce kai ba don a gani kake yi ba. To ga shi nan. Da ba su gani ba sai suka ƙirƙira.

Bari in ba ka labarin ranar sadakar arba'in ɗinka. Ina tsakar gida ina raba waina sai yara suka ce ga wasu baƙi a ƙofa, an hana su shiga. Na leƙa. Wata tsohuwa ce da sanda, ƙafarta a kumbure, da wani dattijo ya cire hula ya riƙe a hannu. Baffa ya bar su a rana ko tabarma bai ba su ba, wai Maguzawa ne, su ne suka lalata ka. Ni dai ka san ni, ba na iya ganin tsohuwa a tsaye. Na ja su inuwar zaure na kawo musu ruwa. Tsohuwar ta ce ita ce Iya Talatu ta Gidan Bawa, dattijon kuma ɗanta ne, Ɗan Asabe. Daga ƙauyen suka taso tun safe.

Ɗan Asabe ne ya tsince ka, Yaya. Ya ce suna dawowa daga gayyar yankan dawa shi da mutanensu, suka gan ka kwance a gangaren wani rafi da ya ƙafe, keke gefe guda, kanka ya bugi dutse. Sun kira ka ba ka amsa ba. Ruwan gorarsu ya ƙare tun a gona, abin da ya rage musu kawai sauran burkutun gayya. Shi ya yayyafa maka a fuska, ya shafa maka a ƙirji, ya wanke maka ciwon da shi, wai ko za ka farfaɗo. Ya ce haka suke yi wa nasu in mutum ya suma a gona. Sannan suka ɗora ka a mashin zuwa asibiti. Bai san ya ja maka komai ba sai da maganar ta je musu ranar kasuwa. Yana ba ni labari yana kuka, babban mutum da furfura, yana cewa shi ceto ya yi niyya.

Ka ji warin da aka ji. Ka ji duk abin da gari ya tsaya a kai ya yanke maka hukunci.

Sai Iya Talatu ta kwance gefen zaninta ta fito da wani ɗan ƙoƙo. Ta ce naka ne. Ta ce tun ranar farko da ka tsaya a ƙofarta ka roƙi ruwa, ta lura kana kallon ƙwaryar kana jin nauyin ka ƙi. Washegari ta fafe sabon ƙoƙo ta rataye shi daban a jikin tsamiya, ta hana kowa taɓawa, bai taɓa ganin giya ba ko sau ɗaya. Ta ce a gindin tsamiyar nan kake sallar azahar, har jikokinta sun jera maka duwatsu ta gabas suna share wurin. Ta ce kai kake kai mata maganin hawan jini daga gari, ɗaure a kariyar keke, kuma duk keken yaran ƙauyen kai ka tayar da shi.

Haba Yaya! Wannan ne abin ɓoyewa? Kullum ina zaune kusa da kai ina zuba kamar famfo, ba ka taɓa cewa Rabi, ina da wata tsohuwa a daji ba. Me ka ɗauka, zan yi maka dariya? To, ƙila da na yi. Amma da yau ina da abin faɗa tun ranar farko, da Inna ba ta yi wannan ramar ba. Kuma hular kwanon da na ce ka riƙa sawa fa? Ka ce tana sa ka zama kamar kunkuru. Tana nan rataye a ƙusa, ko ƙwarzane babu. Duk na kalle ta sai in ji kamar in buga ta da ƙasa.

Na shiga da ƙoƙon wajen Inna na zayyana mata komai, ban rage ko ɗaya ba. Ta karɓa ta juya shi, ta sansana, ta daɗe tana kallon bakinsa inda ya yi santsi. Sai ta miƙe da kanta ta je randa ta ɗebo ruwa da shi ta sha. Sannan ta kira sunanka. Kabiru, cikakke, da ƙarfi, har matan da ke tsakar gida suka juyo suna kallonta. Ta yafa mayafi ta fita zaure ta kamo hannun Iya Talatu ta shigo da ita har ɗaki, a gaban Baffa. Da ka ga fuskarsa!

Amma gari bai sani ba tukuna. Na rubuta a guruf, wani ya ce ai dole ƙanwa ta kare yayanta, wata ta sa alamar dariya. Baffa kuma ya ce a fitar da keken daga gidan a ba 'yan jari bola, wai ganinsa yana tuna wa mutane. Kekenka, Yaya. Wanda ka haɗa da hannunka daga gwanjo, ka sa masa tayoyin nan masu ƙurji-ƙurji, da kai mai lanƙwasa kamar ƙahon rago. Na ja shi ɗakina na kulle. Ya zo ya ɗauka in gani.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk tsokanar da nake maka, ina ce da keken jakin ƙarfe, hotunanka suna cike a wayata, ina nuna wa ƙawayena ina cewa yayana ya san hanyoyin da ko masu mashin ba su sani ba. Kuma na iya hawa. In ka tafi masallacin Juma'a nake zagaya bayan gida da shi. Na san ka sani, don kullum sai in tarar ka sauke sirdin ƙasa daidai tsawona, ba ka ce komai ba. Kai dai komai ba ka cewa komai.

To ni ba irinka ba ce. Maganin Iya Talatu ya ƙare tun tuni, shi ya sa ƙafar ta kumbura. Ranar Lahadi zan kai mata. Ɗan Asabe zai tare ni a mararrabar Kafur ya nuna min hanya. Zan sa hularka ta kunkuru a kan hijabi, zan cika wayata da caji da data. Zan ɗauki burtalin, da gangaren, da tsamiyar, da duwatsun da aka jera maka, in sa Ɗan Asabe ya faɗa da bakinsa, in ɗora kowa ya gani. Baffa ya ce mace a kan keke zuwa ƙauyen masu giya wani sabon abin kunya ne. Inna dai ta karɓi ledar maganin ta ɗaure a kariya da kanta, ta ja igiyar sosai, ta saka ƙoƙon a ciki, ta ce in mayar da shi jikin tsamiyarsa don in na isa zan ji ƙishi.

Su ce ni ma sha nake zuwa yi. Sha ɗin zan yi kuwa, a ƙoƙonka.

Ban huce ba tukuna, kar ka ɗauka na huce. Amma Allah ya jiƙanka, Yayana, ya sa ka huta, ya ba ka inuwar da ta fi ta tsamiyar nan sanyi. Sai mun zo.

Ƙanwarka Rabi,
Rediyon da babu mai rage wa murya yanzu.