Khalid ya karanta rubutuna a matsayin nasa

Alhamis, 14 ga Maris, 1991. Unguwar Bani Malik, a ƙasa mai tsarki.

Yau a majalisar marubuta ta gidan Ustaz Bukhari, Khalid ya miƙe ya karanta maƙala kan samarin Romaniya na ƙarni na sha tara, waɗanda suka kafa zauren adabi suna yi wa rubutun juna kaca-kaca, suna cewa kada a kwaso tsarin baƙi a jibga wa ƙasar manoma, har wasunsu suka zama ministoci. Kalma da kalma daga littafin rubutuna da na ara masa ya kwafo. Shekara shida na yi a garin Yash na Romaniya ina karatun haɗa magunguna, ina tattara wannan cikin azabar sanyi.

Da na ce, "Ɗan'uwa, ai wannan nawa ne," sai ya yi dariya ya ce, "Khalas, ya isa haka, ya duktur, wanda ya yi karatu wajen 'yan gurguzu gara ya yi shiru." A gaban ƙanin kafilina, mutumin da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan! Ya san sarai maganar nan za ta iya raba ni da iƙamata, takardar izinin zamana. Ustaz kuwa nan take ya ba shi shugabancin mujallarmu.

Ba zan yi faɗa ba. Alhamis mai zuwa zan je da littafin tarihi na harshen Romaniya da na ciro bayanan daga cikinsa, in buɗe shafi a gaban kowa, in roƙi Malam Khalid cikin ladabi ya fassara mana. Da hannuna zan zuba masa shayi, in zauna in jira.