Babban Injin Rajistar Gonaki Yana Ƙas-Ƙas a Gidana, Ni Kaɗai Ke Ji

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, in an ga lambata an gane ni. Ku ɗan matso kusa 'yan uwa, maganar ba ta ɗaga murya ba ce, yau kwana tara tana cina a rai ban iya faɗa ma kowa ba. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, iyakata aji huɗu sai ɗan yaƙi da jahilci da na yi da girmana.

Ni matar aure ce a Kankara, jikokina ma sun fara tasawa. Ba ni da yawo, in ba biki ko gaisuwar rasuwa ba ina cikin gidana, abin da Allah Ya ba ni kawai shi ne kunne. Can wajen Ruwan Godiya aka haife ni, kuma zamanin da arzikin fetur ya shigo ƙasar nan, lokacin da kowa ke sayen rediyo da babur, Babanmu injin niƙa ya saya, na farko a ƙauyenmu. A gindinshi na tashi. Kafin in kai shekara goma daga kukan injin nake gane bel ya saki ko wani ƙarfe ya fara ci a ciki, sai in ruga in gaya ma Baba, a buɗe a tarar haka ne. To wannan kunnen ne yau ya hana ni sukuni.

A wancan zamanin dai malaman gona suka zo bisa sababbin babura suna awon gonaki, suna rubutawa a manyan littattafai, gonar wane ta fara daga kukar nan ta tsaya bakin rafi, maƙwabcinta wane. Littattafan suka yi shekara da shekaru a sito ba mai waiwayarsu. Sai da rashin zaman lafiya ya tashi ƙauyuka, mutane suka bar gonakinsu shekaru, yanzu wasu sun fara komawa sun tarar daji ya cinye iyaka, itatuwan shaida an sare, gambar da ke raba gona da gona ta watsu ko'ina. 'Yan uwan juna na neman ɗaga ma juna fartanya. Nan ƙungiyar manoma ta yankinmu, wadda ta haɗa Kankara da Faskari da Sabuwa, ta tuna da littattafan. Maigidana Alhaji shi ne sakatarenta. Aka yanke a ɗauki hoton kowane shafi, a haɗa da muryoyin dattawan da suka san iyakoki, a zuba duka a babbar kwamfuta irin wadda suke ce ma saba, ta yadda daga ofis uku za a iya tambayarta lokaci guda ta ba da amsa.

Aka ɗauko wata injiniya, ɗiyar Faskari ce da ta yi karatu a Zariya, yarinya mai hankali. Aka kawo inji biyu na gwaji, kuma da yake gidanmu ne ke da sola mai ƙarfi ga ɗakin soro mai sanyi, nan aka aje su, ɗakin da ke jikin nawa. In injiniyar ta zo wajena take cin abinci ta yi salla, ni kuwa ga surutu, har na sa ta yi mani bayani da irin Hausar da zan gane. Ta ce ƙaramin sabo ne, ba abin da ke juyawa a cikinshi, kuma duk abin da aka ba shi sau biyu yake rubutawa wuri daban-daban, kamar mace ta raba irin shukarta rumbu biyu, in gara ta shiga ɗaya ɗayan na nan. Aibinshi cikinshi bai da girma, nan da 'yan shekaru sai an ƙara mashi. Babban kuwa na hannu ne, wani kamfani ya yi aiki da shi a Kaduna, yana da faifai da yawa masu juyawa kamar dutsen niƙa, cikinshi zai ɗauke ƙananan hukumomin nan uku har da saura. Shi ma ana iya sa shi ya riƙa rubutu sau biyu, amma sai cikin ya ragu da rabi. Ita ƙaramin take so, ko kuma babban amma a raba cikin.

Ranar da kwamiti suka zo dubawa ina jin su ta taga. Wallahi kamar suna tayin sa a kasuwar Yankara. Wannan ya ɗaga ya ji nauyi, wancan ya buga gefenshi da tafin hannu ya ce wannan ƙarfe ne na gaske, wani dattijo ya ce ƙaramin ai ɗan maraƙi ne ba zai ja garma ba, aka yi dariya. Shi babban injin, aminin Alhaji ne ya kawo shi, tare suka yi ƙuruciya. Da injiniya ta kawo zancen raba cikin, suka ce girman cikin suka gani suka so, ba za su sayi buhu su cika rabi ba, wurin ajiya na biyu a bari sai bayan kaka. Ta sake magana, shugaba ya ce an ji. Aminin ya ce shi dai lafiya lau ya kawo kayanshi, a gwada sati uku, amma abin da ya same shi a hannunku naku ne. Sai na ji muryar Alhaji gaban dattawa ya ce, "A wuyana. A ɗakina yake, ko ƙuda ba zai sauka kanshi ba."

To ga inda na shigo. Bayan kwana biyu Alhaji ya tafi Sabuwa karɓo sauran littattafai, zai kwana uku, injiniya ma ta koma Zariya, aka bar injinan a kunne don gwajin ke nan. Ƙaramin yana bisa kanta can sama, babban saboda nauyi yana ƙasa bisa benci. Ina da wata kaza mai shegen naci, ta gano ɗumin da ke fita bayanshi, na shiga shara na tarar ta hau ta kwanta har ta ɓata mashi kai. Nan take na tuna maganar ƙuda. Na goge tas, na kore ta, ta dawo ta ƙasan ƙofa. Ni kuwa a tarbiyyata abu mai daraja rufe shi ake, keken ɗinkina a rufe yake, talabijin a rufe, injin Babanmu ma in an tashi aiki buhu ake yafa mashi. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, Baba sai ya kashe yake rufewa. Na ɗauko bargon da na zo da shi daga aikin hajji, mai kaurin nan, na lulluɓe shi har ƙasa, na soke gefe da gefe don kada ta samu hanya, na ja ƙofa na toshe ƙasanta da tsumma, ina ganin na yi abin kirki.

Kwana biyu da yini yana haka. Rana ta uku bayan azahar ina tankaɗe na ji kukan fankokin cikinshi ya canza, ya koma ihu irin na injin da aka cusa ma hatsi fiye da ƙarfinshi. Na buɗe ɗakin zafi ya buge ni, na yaye bargon, ƙarfen ba ya taɓuwa. Na buɗe taga na yi ta yi mashi fifita da faifan tankaɗe ina salati, har kukan ya sauka. Na ninke bargon na mayar ƙasan akwati. Alhaji ya dawo ya leƙa, fitilu na ta ƙyaftawa kore, ya ce madalla.

Tun daga ranar nake jin wani abu. Ƙas, ƙas, sai ya yi shiru, sai ya sake, can ƙasa-ƙasa ta gefen hagu, kamar tsakuwa ta shiga tsakanin duwatsun niƙa. Ba ya yi da safe, sai rana ta take. Su kuwa maza da sanyin safiya suke zuwa dubawa kafin su wuce gona, ko bayan la'asar sakaliya, lokacin ya yi lif kamar ba shi ba. Abin da ya fi damuna, kafin bargon ban taɓa zama kusa da ɗakin da rana na saurara ba. Ban sani ba ko da ciwonshi ya zo daga Kaduna, ko ni na sa mashi. Wallahi ban sani ba.

Na gwada gaya ma Alhaji rabin maganar, na ce ina jin ƙara a babban. Ya shiga ya kasa kunne, lokacin rana ta yi sanyi, bai ji komi ba. Da farko wasa ya mayar da abin, wai ɗiyar mai injin niƙa ta zama injiniya, a kawo mani sifana. Da na nace na ce ya dawo da azahar ya ji, sai ranshi ya ɓaci, ya ce yarinyar nan ce ta zuga ni don an ƙi nata zaɓin, ya ce shekara arba'in aminin nan bai taɓa cutarshi ba, kuma shi ya riga ya ba da baki gaban manya, ba zai koma ya ce matarshi ta ji ƙas-ƙas ba. Na ce ba zugi ba ne, ya ce to mi na sani game da shi da har zan ji ciwonshi. Amsar kuwa tana ƙasan akwati. Yini biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da don ni da shi ne da na yi shiru abina. Amma na ga littattafan nan da idona a zaure. Gara ta ci, ruwa ya taɓa, shafukan sun manne, in aka ɓamɓare ɗaya aka ɗauki hoto, wani a hannu yake marmashewa, ba a sake buɗe shi har abada. Ga muryoyin dattawa, katin memorin da aka ɗauka a kai gogewa za a yi a tafi da shi wasu ƙauyukan da zarar an juye. Cikinsu akwai wani Baba daga Damari, shi ya riƙe ma malaman gona igiyar awo yana saurayi, ya zauna a zaurenmu yini uku yana lissafo iyakoki da ka, ina aika mashi kunu. Watan jiya Allah Ya yi mashi rasuwa. Na taɓa tambayar injiniya, tun kafin wannan abu, in faifai ɗaya ya mutu a babban yadda suke son a haɗa shi, mi zai faru. Ta aje cokali ta ce, "Hajiya, ba ɗaya zai tafi ba, duka ne."

Shekaranjiya wata baiwar Allah da mijinta ya rasu a gudun hijira ta biyo ta nan, 'yan uwan mijin sun ce gonar ba ta kai inda take nunawa ba, ga marayu biyar. Ta riƙe hannuna tana tambaya ko an sa tasu a injin, wai an ce mata in ta shiga ciki ba mai iya taɓa ta. Na ce in sha Allahu. Muna maganar ina jin shi ta bango, ƙas, ƙas, ita ba ta ji.

Yau Laraba. Asabar kwamiti za su zo su ɗauki babban zuwa ofis, a mayar da ƙaramin inda aka aro shi, Litinin a fara juyewa. Lambar injiniya tana cikin wayata, na buɗe na rufe ya fi a ƙirga. In na kira ta, na san ba za ta ɓoye ba, aikinta ne, kuma ta ce injin yana rubuta zafin jikinshi da kanshi kullum, ke nan tana dubawa za ta ga kwanakin nan uku, a tambayi mi ya faru a ɗakin Alhaji. Aminin zai ce a hannunku ya lalace, ko da kuwa da ciwonshi ya zo, ba mai iya rabewa. Mutumin da ya ce a wuyana gaban dattawan ƙananan hukumomi uku, a ce bargon matarshi da kaza. Na san halin mijina, ba duka ba zagi, amma ba zai sake ɗaga kai a taron nan ba, kuma zai ji a bakin wata ba a bakina ba. In kuma shi na fara gaya mawa, ina tsoron kunya ta sa ya ce a rufe, tunda yana aiki a bar shi, sai ya zama mu biyu muka sani muka yi shiru. In na kama bakina gaba ɗaya, wataƙila ya shekara goma lafiya, wataƙila ranar da matar nan za ta zo da 'yan uwan mijinta a buɗe a ga wayam.

Na yi istihara, zuciyata ba ta tsaya ba. Kuma abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto maku, da sai bayan azahar yake farawa, yau tun da hantsi na ji shi, yanzu haka da nake rubutun nan yana yi. Masu ilimin kwamfuta na cikinku, wannan ƙarar tana warkewa da kanta, ko irin ta injin Babanmu ce da in ta fara sai ta kai ƙarshe? Ku kuma iyayena mata da kuka san zaman aure, in ku ne, kafin Asabar, Alhaji za ku fara fiddo ma bargon nan, ko injiniya za ku kira?