Na Rantse wa Likita Na Shafa Man Hanci

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ku matso ku ji, amma don Allah kada ku zage ni, na riga na zagi kaina. A sakaya sunana.

A unguwar Makera nake, maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri. Dab da 'yata ta fari za ta zo wankan gida, maruru ya addabe mu, wannan ya warke wancan ya kama. A asibiti aka goga mana auduga a hanci ɗaya bayan ɗaya, sai likita ya ce wai a hancina ƙwayar cutar take zaune, irin wadda ba ta jin allura. Ni da ko mura ba na yi? Ya ba ni wani sabon man shafawa da suke gwadawa, ya ce in riƙa sawa cikin hanci safe da yamma har ya ƙare, kafin in taɓa jariri.

Kwana biyu na shafa. Sai maƙwabciyata Maman Ladi, 'yar Filato, ta shigo tana ɗingishi da gyambo. Ta ce, "Ke hancinki lafiya lau kina ba shi mai, ni kuwa ƙuda na raka ni har coci." Muka yi dariya, na miƙa mata sauran man. Yaya zan hana maƙwabciya magani ina zaune garau?

'Yata ta haifi namiji. Ni ke gasa masa cibi, hayaƙi ya sa in murza hanci, in koma kansa da hannun nan. Bayan suna cibin ya kumbura ya yi ruwa, jiki zafi rau. Yana kwance a asibiti yanzu, an canza allura sau biyu, bai ji ba.

Jiya likita ya tambaye ni a gaban surukina, "Mama, kin shafa har ya ƙare?" Surukin da ko ruwa ba na sha a gabansa, in ce me yana ji? Na ce wallahi na shafa. Likita ya ce to ashe a jikin uwar ƙwayar cutar take. Ya hana ta ɗaukar ɗanta sai lokacin nono, ya ce ni ce mai tsabta, ni zan riƙe shi daga gobe. Yarinyar tana share hawaye ta ce, "Inna, gara da kina nan."

In na faɗa, da wane ido zan dube ta? In na yi shiru, gobe da safe za a miƙo mini shi. Jama'a, me zan yi?